Kukan Sama A Cikin Salula

 A wannan fili mun saba ɗora littafi ko tatsuniya bisa sikeli mu ga nauyinsu. Yau abin da zan auna ɗan sauti ne da ke yawo cikin salula, wanda tsawonsa bai kai na atishawa ba. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ku. An ɗora masa magana mai nauyi, an ce wai ɗan Adam ya ji kukan sama da kunnensa.

Ga yadda ya zo hannuna. Wani dare a ajinmu na manya a nan Ibohaman, mun gama lissafi ke nan, sai wani saurayi da ya komo daga ci-rani ya fiddo salularsa ya ce, "Malam, ka taɓa jin wannan? An ce kukan sama ne Turawa suka kama." Ya latsa. Muka ji ɗan gurnani, sa'an nan "wup!", kamar ɗigon ruwa ya faɗa cikin tulu. Shi ke nan. Aji ya fashe da dariya. Wani dattijo da ya yi shekaru yana fataucin albasa, shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, sa'ad da abin ya yi kukan, wa ke wurin? Wa ya riƙe masa rikoda?" Na buɗe baki, na rasa abin cewa. Na ce, "Baba, ba ni mako guda."

Na tafi na bincika, abin da na samo kuwa shi zan shimfiɗa muku. Tun yanzu ga ra'ayina: sautin gaskiya ne, amma shi kaɗai bai isa shaida ba, kuma maganar da ake yi masa rakiya da ita ta rufe abin da ya fi ban mamaki cikin labarin.

Daga ina ya fito?

Wata ƙungiyar masana mai suna LIGO ita ta fitar da sautin, ran 11 ga Fabrairu 2016, a birnin Washinton na Amurka. Ran nan suka sanar da duniya cewa sun kama abin da aka yi shekara 100 ana zancensa.

Mafarin zancen wani masani ne haifaffen Jamus, Albat Ainstain. A 1915 ya kawo sabon bayani a kan ƙarfin nan da ke sa dutse ya faɗo ƙasa, wanda kuma ke riƙe wata kada ya ɓalle ya bar duniya. Ya ce sararin da muke ciki ba sandararre ba ne. Abu mai nauyi, kamar rana, yana lanƙwasa sararin da ke kewaye da shi, duk abin da ya biyo ta nan sai ya bi lanƙwasar. A 1916 ya ƙara da cewa, idan abubuwa masu nauyin gaske suna kewaya juna da sauri, lanƙwasar za ta riƙa bazuwa ko'ina da gudun haske. Wannan bazuwa ita za mu kira igiyar nauyi, don ta ɗan yi kama da igiyar ruwa.

Idan igiyar ta ratsa wuri, tana miƙe shi ta gefe guda, ta matse shi ta ɗaya gefen, sa'an nan ta juya. Ku ɗauki robar cikin tayar keke ku ja: tsawonta ya ƙaru, faɗinta ya ragu. Don haka aka gina na'urar LIGO da hannu biyu, kamar bango biyu da suka haɗu a kusurwar ɗaki. Kowane hannu bututu ne mai tsawon kilomita 4, wato tafiyar kusan awa guda a ƙasa. An zuƙe iskar da ke ciki, an rataye madubai. Ana raba hasken leza gida biyu, kowane rabi ya bi hannu guda, ya bugi madubi ya komo. Muddin hannuwan suna daidai, in hasken biyu suka haɗu sai su kashe juna. Da zarar hannu ɗaya ya ɗara ɗaya, sai ɗan haske ya ɓullo, na'ura ta rubuta.

Irin wannan na'ura biyu aka gina, ɗaya a Hanford, arewa maso yammacin Amurka, ɗaya a Livingston, can kudu. Tsakaninsu kilomita 3,000 ne, ya fi hanyar Yamai zuwa Damagaram sau uku.

Ran Litinin 14 ga Satumba 2015, da ƙarfe 10 da minti 50 na safe agogon Nijar, lokacin da mu nan hankalinmu ke kan hatsin gona, igiyar ta ratsa duniya baki ɗaya. Ta ratsa Ibohaman, ta ratsa Kaita da Buza da Madawa, ta ratsa jikin kowannenmu, ba wanda ya ji komi. Na'urorin nan biyu su suka lura. Motsin nawa ne? Ɗauki milimita ɗaya ka raba shi kashi dubu. Ɗauki kashi ɗaya ka sake rabawa dubu. Yi haka har sau biyar. Abin da ya rage a hannunka, kamar huɗu nasa shi ne iyakar canjin da aka gani cikin bututun kilomita 4.

Abin da ya aiko igiyar kuwa baƙaƙen ramuka ne guda biyu. Baƙin rami gawar babban tauraro ce. In makamashinsa ya ƙare sai ya rushe cikin kansa, ya dunƙule, har ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya iya kuɓuce masa. Ɗaya ya yi nauyin rana 36, ɗaya 29. Suka yi ta kewaya juna suna matsowa, har suka haɗe suka zama ɗaya. Masu lissafi, 36 da 29 nawa? 65. Amma ramin da ya fito nauyin rana 62 ne. Ina ukun? Su ne suka zama igiyar. Ta kama hanya, ta yi tafiyar shekara wajen miliyan 1,300 kafin ta iso mu.

Inda sautin ya yi gaskiya

Bari mu ba shi haƙƙinsa. Kunnen mutum yana jin girgizar da ta kama daga sau 20 cikin sakan ɗaya zuwa wajen sau 20,000. Igiyar ran nan ta fara da girgiza sau 35 a sakan, ta hau zuwa sau 250, cikin kashi ɗaya bisa biyar na sakan. Kun ga ke nan saurinta ya faɗo daidai inda kunnenmu ke aiki. Da aka zuba rubutun na'urar cikin lasifika, bai buƙaci a ƙaga masa wata murya ba.

Hawan muryar nan ma yana da ma'ana. Duk wadda murfin kwano ya taɓa suɓuce mata a kan siminti ta san abin. Murfin yana juyi yana kaɗawa, kaɗawar tana ƙara sauri, muryar tana hawa, sai ɗif, ya kwanta. Haka ramukan nan suka yi. Suna matsowa suna ƙara gudu, suna ƙara gudu muryar tana hawa, da suka haɗe sai shiru. A nan sautin ya yi aikin da shafi goma na bayani ba zai yi ba, domin ya sa ka ji siffar abin cikin ƙiftawar ido. Wanda ya yi tunanin fitar da shi ya san hanyar shiga zuciyar mutane, na yaba masa.

Inda ya gaza

Na farko, dattijonmu yana da gaskiya. Ba wanda ke wurin, ba kuma kukan da aka yi. Sauti yana bukatar iska ko ruwa ko wani jiki da zai bi, tsakanin taurari kuwa babu iskar da za ta ɗauko shi. Abin da ya iso duniya miƙewa ce da matsewa. Na'ura ta auna, ta rubuta lambobi, mutane suka mai da lambobin sauti. Wanda ya ce maka an kafa rikoda an ɗauko kukan sama, ya ƙara wa miya gishiri.

Na biyu, an yi wa sautin wanka. Rubutun na'urar cike yake da hayaniya: girgizar ƙasa, wucewar motoci, bugun teku a gaɓa mai nisa, har rawar da zafi ke sa madubin kansa yi. An tace wannan. An kuma fitar da wani kwafi da aka ɗaga muryarsa don kunne ya ji da kyau. Masu LIGO ba su ɓoye haka ba, sun faɗa a bayanin da suka haɗa da sautin. Amma daga salula zuwa salula bayanin ya faɗi a hanya, sauti ya iso mu tsirara.

Na uku, wanda ya fi damuna. Kunne ba zai taɓa gaya maka 36 da 29 ba. To, ina aka samo su? Shekaru da dama kafin 2015, masana sun zauna da lissafin Ainstain da manyan kwamfutoci, suna zana siffar igiyar da kowane irin karo zai aiko: in ramukan manya ne ga yadda layin zai lanƙwasa, in ƙanana ne ga yadda zai yi. Suka tara dubban siffofi suka ajiye. Mu ma mun san irin wannan. Da dare in ka ji kiɗa daga nesa, kana rarrabe ganga da kalangu ba tare da ka gani ba, domin ka riga ka san muryar kowanne. Baƙon da bai taɓa jin su ba, hayaniya kawai zai ji. Da igiyar ta zo, aka gwada ta da siffofin da aka ajiye, ta dace da ta ramuka masu wannan nauyi. Wato karanta ta aka yi. An koyi baƙaƙen tun wasiƙar ba ta iso ba. Wannan shi ne abin mamakin, shi ne kuma kalmar "an ji" ta haɗiye.

Haka misalin da ake yawan kawowa na jefa dutse cikin tabki. Ku je bakin madatsar ruwan garinmu ku jefa tsakuwa, za ku ga zobe yana bazuwa yana raunana, nan misalin ya yi daidai. Amma igiyar ruwa a kan ruwa take hawa da sauka. Ita igiyar nauyi, tazarar da ke tsakanin abu da abu ita ce ke ƙaruwa tana raguwa. Malami in ya kawo misalin tabki, ya faɗi inda ya tsaya.

Su wa suka shaida?

Tambayar Baba ta gaskiya ita ce, don me zan yarda? Tambaya ce mai kyau, domin an taɓa yin kuskure a wannan fage. A 1969 wani masanin Amurka, Joseph Weber, ya ce ya kama igiyar da manyan sandunan alminiyam. Wasu suka ƙera irin nasa suka saurara, ba su sami komi ba, magana ta mutu. A Maris 2014 wata ƙungiya mai na'urar BICEP2, a can ƙarshen kudancin duniya, ta ce ta ga sawun igiyar nauyi ta farkon halittar sarari. Jaridu suka ɗauka. Kafin shekara ta kewayo aka gane ƙurar da ke tsakanin taurari ce ta ruɗe su. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu.

Me ya bambanta na 2015? Shaidu biyu ne da ba su ga juna ba. Igiyar ta taɓa Livingston, bayan kashi 7 cikin dubu na sakan ta taɓa Hanford, siffar layin kuma iri ɗaya. Haske yana cin tazarar da ke tsakaninsu cikin kashi 10 cikin dubu na sakan. Da jinkirin ya wuce haka, da an watsar da zancen. Motar da ta girgiza Livingston ba za ta girgiza Hanford ba.

Masanan ma ba su yarda da kansu haka kawai ba. A Satumba 2010 wasu ƴan kaɗan daga cikinsu sun saka igiyar ƙarya cikin na'urorin a ɓoye, don a gwada sauran. Aka yi wata shida ana aiki a kanta, har aka rubuta rahoto, sa'an nan a Maris 2011 aka buɗe ambulan aka ce gwaji ne. Don haka da ta 2015 ta zo, abu na farko da aka bincika shi ne ko wani ne ya saka. Aka yi wata biyar ana tonawa kafin a buɗe baki. Takardar da suka buga tana ɗauke da sunan mutum fiye da dubu.

Akwai kuma tsohon shaida. A 1974 Russell Hulse da Joseph Taylor suka gano wasu gawawwakin taurari biyu masu kewaya juna. Da aka yi shekaru ana bin su, aka ga suna matsowa daidai gwargwadon da lissafin Ainstain ya ce, in har igiyar nauyi tana kwashe musu ƙarfi. An ga sawun ke nan tun ba a ga mai sawun ba.

Duk wannan babu shi cikin "wup" ɗin salula. Lambar yabo ta Nobel ta 2017 ma, da aka ba Rainer Weiss da Barry Barish da Kip Thorne, ta sa labarin ya zama kamar aikin mutum uku. Sun cancanta, amma ƙarfin shaidar yana cikin yawan idanun da suka duba.

Me ilimin taurari ya samu?

Kakanninmu sun karanta sama da ido. Sun san Kaza da ƴaƴanta, sun san Gamzaki mai fitowa da asuba, da su suke gane lokaci da hanya. A 1609 Galileyo na Italiya ya ɗaga na'urar hangen nesa sama, ido ya ƙara tsawo. Daga baya aka ƙera masu kama hasken da ido ba ya gani. Amma kusan duk abin da aka sani game da sama, haske ne ya kawo labarinsa. Abin da ba ya haske fa? Baƙaƙen ramuka biyu suna iya karo cikin duhu, ba na'urar hangen nesan da za ta gani. Kafin 2015 ba a taɓa ganin irin wannan karo ba, a takarda kawai yake. A 2025 waɗanda aka kama sun haura 200, mafi yawansu na baƙaƙen ramuka. Ga wata al'umma guda a sama da ba a san yawanta ko nauyinta ba, yanzu ana ƙidayarta.

Ranar da ta fi nuna amfanin abin ita ce 17 ga Agusta 2017. A lokacin na'ura ta uku ta shigo aiki tare da su, wato Virgo, kusa da birnin Pisa na Italiya, wadda Faransa da Italiya suka gina. Aka kama wata igiya mai tsawon kusan sakan 100, ta gawawwakin taurari biyu da ba su kai zama baƙin rami ba. Da yake na'urori uku ne, aka iya nuna yankin saman da ta fito, kamar yadda mutum uku a unguwa uku za su iya nuna inda ake kiɗa. Aka aika wa masu na'urorin hangen nesa. Kafin kwana ya cika suka ga sabon ɗigon haske a wani gungun taurari mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130. Wuraren duban taurari wajen 70 suka juya can.

Abu biyu suka fito. Walƙiyar farko ta karon ta iso bayan igiyar da ƙasa da sakan 2, bayan tseren shekara miliyan 130. Ashe gudunsu ɗaya, kamar yadda Ainstain ya ce. Sa'an nan launin hasken ya nuna ana ƙera ƙarafa masu nauyi cikin tarkacen karon. Masana suna ganin babban rabo na zinariyar da ke duniya daga irin wannan maƙera ya fito, tun rana ba ta kasance ba. Samarinmu da suka bi ayarin Jado tun 2014 suna tonon zinariya, ga asalin abin da suke tonowa.

Kuɗin fa?

Wani zai ce, me wannan ya ƙara mana? Hukumar kimiyya ta Amurka ta kashe wa LIGO fiye da dalar Amurka miliyan dubu cikin shekara wajen 40. Ba zan ruɗe ku ba: bai ƙara tiya ɗaya ta hatsi a kasuwar Kaita ba, bai kwashe yashin da ke cika mana madatsa ba. Duk mai gaya muku gobe igiyar nauyi za ta kawo ruwan sama, ku bar shi da zancensa. Abin da zan iya faɗa shi ne, lissafin nan na 1915, wanda a zamaninsa ba a ga abin da zai saya ba, yau da shi ake daidaita agogon taurarin ɗan Adam masu nuna hanya cikin salula, irin waɗanda direbobin hamada ke dogara da su. Sani yakan daɗe a rumbu kafin a ci shi. Wannan dai ba alkawari ba ne.

Hukunci

Da mako ya cika na koma aji da murfin kwano. Na sake shi a kan siminti, muka saurara. Na zana layin igiyar a allo, ƙanana ƙananan tuddai suna girma suna matsewa. Na rubuta 36 da 29 da 62. Dattijon ya duba ya ce, "Buhu 65 aka loda, 62 suka sauka. In ni ne sai direba ya gaya mini inda uku suka shiga." Na ce, "Baba, su ne suka iso mu." Na ba shi labarin shaidun nan biyu da tazarar da ke tsakaninsu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, shaidu biyu da ba su haɗa baki ba, wannan magana ce. Da tun farko haka aka ce, da ban yi gardama ba."

Nan na tsaya ni ma. Sautin ya iya kira, ya tara mana aji guda a kan zancen da ba mu taɓa yi ba. Amma a bakin alƙali ba zai tsaya shi kaɗai ba. Duk wanda zai miƙa shi ga wani, ya haɗa masa da abu uku: cewa awo ne aka mayar sauti, cewa na'ura biyu masu nisa da juna suka yi awon, da cewa an san siffarsa a lissafi tun bai iso ba. In babu waɗannan, ka ba mutum abin dariya ne ko abin tsoro. In akwai su, ka ba shi abin da zai auna da hankalinsa.

Ku gwada murfin kwanon a gida, ku ji yadda muryarsa ke hawa.